Ɗigon Jini Ɗaya: Darasi kan Awon Sukari a Jinin Yara

Ya ku iyaye mata na Filinge da sauran garuruwan ƙasar Kurfai, tare da ku wakilan kiwon lafiya na ƙauyuka, waɗanda aka fi sani da rele. Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wani ɗan awo da yawancinku kun taɓa gani ana yi wa yaro a asibiti. Akan soki gefen yatsa, ɗigon jini ya fito, a taɓa shi da bakin wani siririn tsinke da ke soke a jikin na'ura mai kama da ƙaramar salula, kafin a ƙirga biyar lamba ta bayyana. Iyaye da yawa sun ɗauka gwajin masassarar cizon sauro ne, tunda shi ma a yatsa ake ɗibar jininsa. Wannan awo dabam yake: yawan sukarin da ke yawo cikin jini yake nunawa.

Ga yaron da tamowa ta kama, ko wanda masassara ta yi wa tsanani, faɗuwar sukarin jini tana iya kashewa cikin ƴan sa'o'i, alhali maganinta na farko yana kan teburin kowane mai shayi. Saboda haka za mu yi bayanin yadda na'urar ke aiki, da inda take yin kuskure, da abin da uwa za ta yi tun daga gida har ta isa wurin da na'urar take.

Sukarin jini da rumbun jiki

Duk abincin da ke ba da ƙarfi, tuwon hatsi ne, fura ce, shinkafa ce ko nonon uwa, idan ya narke a ciki yakan koma wani irin sukari mai suna gulukos. Jini ke ɗaukar sa ya rarraba wa gaɓoɓi. Ƙwaƙwalwa ta fi kowace gaɓa dogara da shi, kuma ba ta da wurin ajiya: abin da jini ya kawo mata yanzu, shi take ci yanzu.

Sukarin da ke cikin jinin babban mutum gaba ɗaya bai wuce giram 4 zuwa 5 ba, wato kimanin ƙwayar sukari guda ta kwali. Yaro mai nauyin kilo 6 kuwa jininsa bai cika rabin lita ba, sukarin da ke cikinsa bai kai rabin giram ba. Wannan ɗan abu ba zai riƙe shi ko sa'a guda ba in da ba a ƙara masa. Hanta ce ke ƙarawa. Ita ce rumbun jiki: idan an ci an ƙoshi sai ta tara, idan ciki ya zama wayam sai ta riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa lafiyayyen yaro yakan kwana bai ci komai ba, ya tashi da safe garau.

Yaro mai tamowa mai tsanani rumbunsa ya riga ya kai ƙasa. Hantarsa ba ta da abin kirki a ajiye, naman jikinsa da za a iya narkarwa a samo sukari ya zube, ga cuta tana cinye ɗan abin da ya rage. Irin wannan yaro idan ya yi sa'a 4 zuwa 6 bai sa komai a ciki ba, sukarinsa yana iya faɗuwa. Sanyi ma yana ƙara tsananta abin, domin jiki yakan ƙona sukari don ya ɗumama kansa. Faɗuwar sukari da sanyin jiki tare suke tafiya, kuma sau da yawa alama ce ta wata cuta da ke ɓoye a jiki. Masassarar cizon sauro mai tsanani ita ma tana kawo wannan, ko ga yaron da ba shi da tamowa.

Kowa a Kurfai ya san lokacin da waɗannan abubuwa ke haɗuwa. Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbunan gida sun yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, uwaye suna gona tun da safe, sauro kuma ya yi yawa a fadamun Dallol Boso. A waɗannan watanni ne asibitoci ke cika da yara.

Mu ɗauki misali. Uwa ce a wani ƙauye ta wajen Shikal, ɗanta mai wata 14 ya kwana da zazzaɓi, ya ƙi nono tun magariba. Da gari ya waye ta jira a ɗaura amalanke, ta yi tafiyar sa'a biyu ko uku, ta tarar da layi a asibiti, ta zauna a ƙarshensa saboda kunya. Yaron yana bayanta shiru, ita kuwa tana murna ya sami barci. In aka lissafa, ya haura sa'a 15 bai ci komai ba. Wannan shirun shi ne abin tsoro.

Alamomin da za a lura da su

Babba idan sukarinsa ya faɗi yakan yi gumi, jikinsa ya yi rawa, ya ce yunwa yake ji. Yaro mai tamowa sau da yawa ba ya nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ga abin da za ku duba:

1. Jiki ya saki, wuya ba ya tsayawa, hannu in an ɗaga ya faɗi.
2. Barci mai nauyi, ana tashin sa yana komawa.
3. Yana barci amma idanu a buɗe rabi, ana ganin farin ido.
4. Jiki ya yi sanyi, musamman ciki da hammata.
5. Ya kasa kama nono ko shan ruwa.
6. Jijjiga, ko shiɗewa, ko suma.

Idan yaro ya shiɗe, a gidaje da yawa akan fara tunanin iska ko baki, a nemi tofi ko hayaƙi ko ɗauri. Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a kan hanya. Amma a guji ɗura wa yaron da ba ya cikin hayyacinsa jiƙo ko rubutu, domin ruwan yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu.

Yadda tsinken awo yake aiki

Tsinken ɗan sillen roba ne, amma hawa-hawa aka yi shi. A bakinsa akwai wata siririyar kafa da ke zuƙe jini da kanta, kamar yadda lagwanin fitila ke jan kananzir. Jinin da yake bukata bai kai girman ƙwayar hatsi ba. A cikin kafar an shafa wani busasshen sinadari mai suna enzayim, wanda ba ya kama komai a jini sai gulukos. Ɗaya daga cikin irin enzayim ɗin da aka fi amfani da su daga wata baƙar fumfuna ake samo shi, irin wadda kukan gani a ƙarƙashin ɓawon albasa idan ta daɗe a ajiye.

Da jini ya jiƙa enzayim ɗin, sai ya kama sukarin ya fizge masa wasu ƙananan ƙwayoyin lantarki. Wani sinadari na biyu ya karɓe su ya miƙa wa siraran layukan da aka shimfiɗa a jikin tsinken, su kuma su kai wa na'ura. Abin da ya samu ke nan ƴar ƙaramar wutar lantarki ce, wadda ba ta isa ta kunna ko ƙwan tocila ba. Idan sukari yana da yawa wutar takan yi ƙarfi, idan kaɗan ne takan yi rauni. Na'urar ba ta ganin sukari. Ƙarfin wutar take aunawa, ta juya shi ya zama lamba.

Tushen wannan dabara ya faro ne a shekarar 1962, lokacin da masana biyu, Leland Clark da Champ Lyons, suka bayyana ta a Amurka. Tsinkayen farko da suka shiga kasuwa a 1965 launi suke sauyawa, a kwatanta da ido. Na'urar hannu ta farko mai auna ƴar wutar lantarkin tsinke, ExacTech, ta fito a 1987, bisa binciken da aka yi a Ingila. Yau ga ta a asibitocin karkara.

Abu biyu za ku riƙe daga wannan bayani. Na farko, enzayim daga abu mai rai ya fito, don haka zafi da laima suna lalata shi kamar yadda suke lalata iri a rumbu. Na biyu, duk abin da ya sauya ƙarfin ƴar wutar nan zai sauya lambar, ko da sukarin yaro bai sauya ba.

Yadda ake awon daidai

Awon aikin ma'aikacin lafiya ne da aka horar. Amma ya kamata uwa da rele su san matakansa, don su taimaka, su kuma gane idan an tsallake wani.

1. A wanke hannun yaro da ruwa da sabulu, a tsane shi sarai. In an goge da alkol, a jira ya bushe.
2. A duba ranar ƙarewar aiki a jikin kwalbar tsinkaye. A ɗauki guda, a rufe kwalbar nan take.
3. A soka tsinken a na'ura, a jira alamar ɗigo ta fito.
4. A soki gefen kan yatsa da sabuwar allura. Ga jariri, gefen diddige ake soka.
5. A bar ɗigon ya taru da kansa. Matsa yatsa da ƙarfi yana gauraya jinin da ruwan jiki.
6. A taɓa ɗigon da bakin tsinken har kafar ta cika.
7. A rubuta lambar da irin ma'auninta da lokacin da aka yi awon, da lokacin da yaron ya ci abinci na ƙarshe.
8. A jefa allura da tsinke a kwalin da aka tanada. Ba a sake amfani da su.

Allura ɗaya ta mutum ɗaya ce, sau ɗaya. Ciwon hanta mai lamba B da cutar sida suna bi ta jini, ko da ido bai ga jinin a jikin allurar ba. Kowace na'ura kuma da irin tsinkenta. Na wani kamfani ba ya aiki a na'urar wani, ko da ya shiga ramin.

Yadda ake karanta lambar

Ma'auni uku ne ke yawo a asibitocinmu, kuma rikita su yana da haɗari. Wasu na'urori suna nuna manyan lambobi, kamar 54 ko 90, da rubutun mg/dL a gefe. Wasu suna nuna ƙananan lambobi masu ɗigo, kamar 3.0 ko 5.0, da rubutun mmol/L. A takardun asibiti kuma akan rubuta da giram a lita, kamar 0,54 ko 0,90. Duk abu ɗaya suke faɗa, kamar yadda ake auna hatsi da tiya ko da kilo. In an ninka lambar mmol/L sau 18 za a sami ta mg/dL. In an raba ta mg/dL gida 100 za a sami giram a lita.

Lafiyayyen mutum da bai karya kumallo ba sukarinsa yakan tsaya tsakanin 70 da 100 a ma'aunin mg/dL. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka biyu ga yara marasa lafiya. Ga yaron da ba shi da tamowa, ƙasa da 45 mg/dL, wato 2.5 mmol/L, faɗuwar sukari ce. Ga mai tamowa mai tsanani an ɗaga iyakar zuwa 54 mg/dL, wato 3.0 mmol/L ko giram 0,54 a lita, domin shi ba shi da ajiyar da za ta tare shi. Idan na'ura ta rubuta LO, sukarin ya yi ƙasa har ta kasa auna shi. Idan ta rubuta HI, ya yi yawa ya wuce awonta. Duka biyun gaggawa ne.

Inda na'ura take yin kuskure

Ko sabuwar na'ura mai kyau ba ta faɗin lamba cif. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 15197, wadda aka sabunta a 2013, ta yarda da na'ura idan a awo 95 cikin 100 ba ta kauce wa awon babban ɗakin gwaji da fiye da 15 mg/dL ba, a inda sukari yake ƙasa da 100. Ma'ana, yaron da ainihin sukarinsa 48 ne, na'ura tana iya nuna 60, kuma ba a ce ta lalace ba. Lambar da ta ɗara iyaka da kaɗan ba ta isa ta kwantar da hankali ba.

Ban da wannan, akwai abubuwa huɗu da suka shafi ƙasarmu kai tsaye.

Na farko, ƙarancin jini. An daidaita tsinke ne da jini mai kauri irin na lafiyayye. Jinin da ya tsinke, wanda jajayen ƙwayoyinsa suka ragu, yakan kai wa enzayim sukari da sauri, wutar ta yi ƙarfi, lambar ta haura gaskiya. Wasu sababbin tsinkaye suna gyara wannan, amma ba duka ba. Yaran da masassara da tamowa suka kama kuwa su ne suka fi ƙarancin jini. A duba tafin hannu da cikin fatar ido: in sun yi fari fat, kada a saki jiki da lambar.

Na biyu, zaƙi a yatsa. Plumpy'Nut, wanda iyaye ke kira biskit, gyaɗa ce da madara da mai da sukari, kuma yara da hannu suke lasar sa. Haka dabino, mangwaro, rake da fura mai sukari. Ɗan ɓurɓushin da ido ba ya gani ya isa ya ɗaga lambar sama ƙwarai. Shi ya sa wanke hannu ya zo farko a jerin matakai.

Na uku, zafi da laima. Yawancin kamfanoni sun ce a ajiye tsinkaye a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba. A Filinge kuwa, a watannin Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40 ko a inuwa, balle ɗakin kwano ko akwatin babur. Tsinken da zafi ya dafa yana iya nuna sama, yana iya nuna ƙasa, kuma ba a gane shi da ido. A ajiye kwalbar a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da rufin kwano. Da damina laima ce abokiyar gaba: a cikin kwalbar akwai abin da ke shanye danshi, amma ba ya aiki in murfi a buɗe yake. Kada a juye tsinkaye a leda ko aljihu. A rubuta ranar da aka fara buɗe kwalbar, domin wasu kamfanoni sun ƙayyade watannin da za a yi amfani da su bayan buɗewa. Inda akwai ruwan gwajin na'ura, a gwada da shi duk lokacin da aka buɗe sabuwar kwalba.

Na huɗu, sanyin hannu. Yaron da gudawa ta tsotse, ko wanda hannuwansa da ƙafafunsa suka yi ƙanƙara, jini ba ya zagayawa sosai a yatsunsa, awon yatsa ba ya nuna abin da ke cikin jiki daidai.

Ku lura: biyu daga cikin waɗannan, ƙarancin jini da zaƙi a yatsa, kuskurensu gefe guda yake karkata, suna nuna yaro yana lafiya alhali yana cikin haɗari. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan lamba ta ce lafiya, amma yaro ya saki jiki yana barci da ido buɗe, a bi abin da ido ya gani. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta ce: inda babu halin awo, a ɗauka duk yaro mai tamowa mai tsanani da aka kwantar yana da ƙarancin sukari, a ba shi. Ɗan ruwan sukari ba ya cutar da yaron da bai bukace shi ba, rashinsa kuwa yana iya kashe wanda ya bukata.

Abin da uwa za ta yi kafin ta isa asibiti

Idan yaro yana iya haɗiya, nono ne farko. A ba shi kafin a tashi, a ba shi a kan hanya, a ba shi a layi. In ya kasa kamawa, a tatsa a kofi mai tsabta a ba shi da cokali.

In nono bai samu ba, ko yaron ya riga ya bar nono, a haɗa ruwan sukari: cokalin shayi ɗaya na sukari mai tozo a cikin babban cokali uku da rabi na ruwan da aka tafasa ya huce. Wannan ya ba da mililita 50. In sukarin kwali ne, ƙwaya biyu a mililita 100. A zaunar da yaro, a ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Kada a zuba sukari barkatai da tunanin yawa ya fi. Ruwan da ya yi zaƙi ƙwarai yana ƙara gudawa. Kada a ba jaririn da bai cika shekara ba zuma.

Idan yaro ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a zuba masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa. A ɗebi cokalin shayi ɗaya na sukari a shafe, a jiƙa da ɗigon ruwa ya zama kamar danshin yashi, a sa masa kaɗan-kaɗan a ƙarƙashin harshe. In haƙora sun datse, kada a ɓamɓare su da cokali. A shafa sukarin a dasashi da cikin kunci. Jiki yana tsotsar sa daga nan. A maimaita bayan minti 20 in har ba a isa ba. An gwada wannan hanya a Bobo Julaso ta Burkina Faso, aka wallafa sakamakon a 2005, sannan a Sikaso ta Mali a 2008, aka ga tana ɗaga sukarin jinin yara a inda ba a sami damar sa ruwa ta jijiya ba.

A ɗumama yaron. A cire masa jiƙaƙƙen kaya, uwa ta manna shi a ƙirjinta fata da fata, a lulluɓe su tare, a rufe masa kai. Wannan ya fi muhimmanci a daren hunturu da kuma bayan ruwan sama.

In yaro ya farfaɗo ya buɗe ido bayan an ba shi sukari, alhamdu lillahi, amma kada a juya gida. Sukarin da aka ba shi na ɗan lokaci ne, cutar da ta jawo faɗuwar tana nan. Mun san halin tsaro ya sa tafiyar dare ta yi wuya a wurare da yawa na yankinmu. Dalili ke nan da zai sa a tashi tun rana tana sama, da zarar yaro ya ƙi ci, kada a jira a ga yadda zai kwana. In dare ya riga ya yi, a riƙa ba shi nono ko ruwan sukari duk bayan sa'a biyu har asuba, ko da sai an tashe shi daga barci.

Da isa asibiti, ke uwa, kada ki zauna a ƙarshen layi. Ki je wurin ma'aikaci kai tsaye ki ce: yarona ya saki jiki, rabonsa da abinci tun lokaci kaza. Ki faɗi ko kin ba shi sukari, da yaushe, domin hakan yana sauya yadda za a karanta lambar. Tun 2006 dokar ƙasa ta sa kula da lafiyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati. Kada tunanin kuɗi ya sa a yi jinkiri.

Abin da za a yi a asibiti

Yaron da ke cikin hayyacinsa za a ba shi ruwan sukari mililita 50, sannan a fara madarar F-75, wadda aka yi musamman don kwanakin farko na jinyar tamowa. Wanda ya suma akan sa masa ruwan gulukos ta jijiya gwargwadon nauyinsa, ko a zura siririn tiyo ta hanci zuwa ciki. Bayan minti 30 a sake awo. Daga CSI akan tura masu tsanani zuwa sashen jinyar tamowa na babban asibitin gunduma, wato CRENI. A can ana ciyar da yaro duk bayan sa'a biyu ko uku, dare da rana. Ciyarwar dare tana da wahala ga uwar da ta gaji, amma ita ce mafi muhimmanci, domin tsakanin tsakar dare da asuba ne ciki ya fi daɗewa babu komai, sanyi kuma ya fi sauka.

Ga manya da masu juna biyu

Wannan na'ura ita ce kuma ake bin ciwon sukari da ita, inda matsalar yawa ce. Babban da bai karya kumallo ba in an sami 126 mg/dL ko fiye, ana zargin ciwon sukari, amma awon yatsa guda ba ya yanke hukunci. Sai an tabbatar a ɗakin gwaji. Ga mai ciki iyakar ta fi ƙasa, daga 92 ne. Mai cikin da ke yawan ƙishirwa da fitsari, ko wadda ta taɓa haihuwar jariri mai kilo 4 ko fiye, ko a danginta akwai mai ciwon, ta faɗa wa ungozoma a wurin awon ciki. Wanda ke shan maganin ciwon sukari kuma sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da 70 in ya sha magani bai ci abinci ba. Ya riƙa yawo da ƙwayar sukari ko dabino a aljihu.

Aikin rele

Ku ne kuka fi kusa da gidaje. Ku ci gaba da koya wa uwaye awon dantse: ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kumburin ƙafafu biyu, asibiti a ranar. Ku tabbata yara ƴan wata 3 zuwa 59 sun karɓi maganin rigakafin masassara na damina a kowane zagaye, suna kuma kwana cikin gidan sauro. Ku ajiye ɗan sukari a gwangwani mai murfi da cokali mai tsabta a jakar aikinku. Duk yaron da za ku tura asibiti, in yana iya haɗiya, kada ya bar gari da ciki wayam, kuma ku rubuta a takardar turawa lokacin da ya ci abinci na ƙarshe.

A zamanku na faɗakarwa na gaba, ku yi wa uwaye waɗannan tambayoyi, ku bar su su amsa da bakinsu:

1. Yaro mai tamowa yana barci da ido buɗe rabi. Me za ki fara yi?
2. Cokali nawa na sukari, cokali nawa na ruwa?
3. Yaro ya suma. Me ya sa ba za a zuba masa ruwa a baki ba, kuma ina za a sa sukarin?
4. Me ya sa ake wanke hannun yaro kafin a soki yatsa?
5. Yaro ya farfaɗo a kan hanya. A koma gida ko a ci gaba?

Ku kawo kofi da cokali da sukari wurin zaman, kowace uwa ta haɗa ruwan da hannunta sau ɗaya a gabanku, domin gani ya kori ji.

Allah ya raya mana ƴaƴanmu, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa mu ga kaka lafiya. Amin.